Furen Kan Dutse da Muryar Malam Seidu

Kwanakin baya ina cikin bas a Peckham sai wata mata da ke zaune a gabana ta ɗaga wayarta tana nuna wa mahaifiyarta titi ta taga. Tsohuwar tana can wani gari a Ghana, ina jin muryarta tana tambaya ko wannan shagon ne ake sayar da busasshen kifin, 'yar kuma tana cewa a'a, na gaba ne. Suka yi ta hira har muka wuce tasha huɗu, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Yanzu murya ta yi araha. Kowa yana aika tasa gida sau goma a yini, in ya yi kuskure ya goge ya sake. Masu aikinmu na rediyo a yau ma haka suke, a kwamfuta suke yanka magana, in abin da suka yanke ya zama ana bukatarsa sai su danna wani wuri ya dawo yadda yake. Na taɓa tsayawa bayan ɗayansu ina kallo, ya cire jimla ya mayar da ita, ya sake cirewa, yana kurɓar shayinsa. Mu a zamaninmu abin da ka yanke ya yanku.

Da tef muke aiki lokacin da na zo London, siririn tef mai launin ƙasa a naɗe a faifai. Har yanzu ina jin ƙarar ɗakin da muke gyaran sauti. Za ka kama faifai biyu da hannu kana juya su gaba da baya a hankali, muryar mutum tana gurnani kamar ta sa, har ka gano daidai inda kalma ta ƙare da inda numfashi ya fara. Sai ka sa alama da farin fensir, ka kwantar da tef ɗin a kan wani ɗan ƙarfe mai kwari, ka ja reza a karkace, ka haɗa bakin biyu da farin salatif. Guntun da kake jin za ka iya nema sai ka rataya shi a wuya, wanda ba ka so kuwa ka sake shi ƙasa. Kafin la'asar ƙasan ɗakin ya cika da maganganun mutane, muna takawa muna wucewa, da yamma mai shara ta zo ta kwashe. Dattijon da ya koya mini aikin, wani Bakatsine mai ƙarancin magana da ya riga mu zuwa da shekaru masu yawa, abu biyu yake nanatawa. Na farko, kafin ka sa reza ka juya maganar a wani faifan, ka ajiye na asali a kabad. Na biyu, ka cire wa mutum tari da in'ina yadda kake so, amma abin da ya zo faɗa ka bar masa, domin ba ya cikin ɗakin lokacin da kake yanka. Ni kuwa hannuna yana da sauri a lokacin, kuma na san yana da sauri. Juya faifai yana cin rabin awa, sai na riƙa tsallake wannan aiki in dattijon ba ya kusa.

Shekaruna ba su kai talatin ba, ban yi aure ba, ina zaune a ɗaki ɗaya a gidan wasu mutane da ba mu wuce gaisuwa da su ba. Ranar Juma'a kaɗai nake ganin fuskokin da suka yi kama da na gida, a masallacin Regent's Park. A can na haɗu da mutumin da zan kira Malam Seidu. Ya ji ina wa wani sallama da Hausa a wajen takalma, sai ya dafa kafaɗata ya tambaye ni daga ina. Mutumin zangon Kumasi ne, kakansa ya gangara can fataucin goro bai koma ba. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa duk ya tsattsage, kuma komai wankin da ya yi akwai baƙin layi a ƙarƙashin faratansa. Shi ya fara kai ni Rye Lane, lokacin shagunan da ke sayar da kayan miyarmu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sai ka san mai shago kafin ya fito maka da kuka da daddawa daga bayan kanta. Yau titin duka namu ne, har ƙamshinsa. Shi ya koya mini kada in yarda da ranar da nake gani ta taga, in sa riga uku ko da sama ta yi shuɗi. Sau da yawa ya tuƙa mini tuwo a flat ɗinsa, 'yan ɗakuna a wani gidan bene, ranar Lahadi. Mai Rediyo yake kirana, kuma yana yi mini tsiya cewa ko gishiri na ce a miƙo mini sai ka ce labaran duniya nake karantawa. Ni ma ina yi masa tsiyar Hausarsu ta zango, wadda mace da namiji duk "ya" ne a cikinta, shi kuma ya ce su ba su da lokacin rarrabewa, aiki ya yi musu yawa.

A wani lambun renon tsirrai yake aiki, can bayan Abbey Wood, inda ba a shuka komai sai ƙananan tsirran da asalinsu kan manyan duwatsu ne. Da turin baro da wankin tukwanen shuka ya fara, a hankali mai lambun, wani tsohon Bature, ya ga hannunsa yana da kyau ya sakar masa wani ɓangare. Ni dai abin da na sani ke nan, ban kuma taɓa tambaya ba. Wata Lahadi muna cin abinci ya yi mini maganar mahaifiyarsa, wadda yake kira Mma. Idonta ya mutu, hoto ba ya yi mata amfani, wasiƙa kuma sai an karanta mata, kuma mai karantawa yakan ƙara nasa. A unguwarsu an daɗe ana cewa 'yan zangon da suka tafi London sharar titi suke yi ko wankin gawar Turawa, in sun zo hutu su sa kwat su yi ƙarya. Wata maƙwabciyarta ta faɗa mata haka a gidan suna, a gaban mata. Yana aika mata kaset yana yi mata bayani, amma kaset maganar ɗa ce ga uwarsa, ba mai ɗaukar ta shaida. Rediyo kuwa daban ne. A zango duk gidan da ka shiga da yamma tasharmu ake ji, kuma abin da aka faɗa a cikinta ba a musu da shi. Bai roƙe ni ba. Cewa ya yi kawai akwai wani fure da ya yi shekara biyar yana fama da shi, bana ya yi toho, in ina so in zo in gani. Ni na ce zan zo da na'urar ɗaukar magana, har na faɗa masa makon da za a sa shi a rediyo. Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya dube ni, sannan ya ce to bari ya rubuta gida tun yanzu, saboda wasiƙa tana cin mako uku.

Na je wata safiya bayan sanyi ya ja baya, na shiga jirgin ƙasa, na sauka na taka da na'urar a kafaɗa, nauyinta kamar na ƙaramin buhun gero. Na same shi ya sa sabuwar riga a ƙarƙashin rigar aiki. Ya wuce da ni ta tsakanin layukan tukwane har wani komi na dutse da aka ɗora kan tubali, cike da tsakuwa. Da farko ban ga komai ba sai tsakuwar. Sai ya durƙusa ya nuna mini da ƙaramin yatsa. Ganyen toka-toka ne masu laushin gashi, sun kwanta a zagaye a kan tsakuwar, faɗinsu duka bai kai tafin hannu ba. Daga tsakiya kara ɗaya ya fito, bai kai tsawon yatsa ba, a kansa fure ɗaya kamar maɓallin riga, farare siraran kunnuwa kewaye da tsakiya rawaya. A gefe an jingina wani gilashin taga.

Na kunna na'ura, ya yi magana ta minti arba'in, kuma ban taɓa jin sa yana magana haka ba. Ya faɗi sunan furen na masana, dogon suna, bai yi tuntuɓe ba. Ya ce masu ilmin tsirrai sun ce danginsu ɗaya da shuwaka da kalankuwa, in ka duba tsakiyar furen da kyau za ka ga ƙananan furanni ne da yawa suka taru wuri ɗaya. Asalinsa kan duwatsun tsakiyar Turai ne, sama da inda itatuwa suke daina fitowa, inda dusar ƙanƙara take rufe shi rabin shekara. Sanyi ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi a London yayyafin hunturu ne, wanda ke kwanciya a wuyan tsiron ya ruɓar da shi cikin kwana kaɗan. Mutum uku kafin shi sun gwada sun kasa. Shi ma iri na farko da na biyu sun mutu a hannunsa, har ya gane cewa irin ba ya tsira sai an bar tukunyar a waje ƙanƙara ta dake ta, kuma ƙasar dole yawancinta tsakuwa ce. Ba a zuba masa ruwa a ka, a gefen komin ake zubawa, bayan ka tura yatsa ka ji ƙasan. Matattun ganye da hantsaki yake cire su ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya kafin ya cire kwat yana zagayawa ya tsince dodon-koɗi. Yanzu in tsiro ya ƙi, mai lambun shi yake kira ya tambaya, kuma mutane suna zuwa daga nesa da littafin rubutu a hannu.

Na so in ja shi ya ce furen baƙo ne kamarmu, don irin wannan magana tana daɗi a rediyo. Ya ce a'a, fure fure ne, shi ba shi da fasfo. Sai na tambaye shi amfanin gilashin.

Ya ce, "Wannan laima ne nashi. In hunturu ya zo, ina ɗora shi kan bulo huɗu, iska ya wuce ta ƙasa, ruwa kuma ba shi taɓa shi. Wani lokaci ina gida in ji ruwa ya fara, sai hankali na ya tashi, in ce ko iska ya ture laima." Ya yi dariya, dariyar mutumin da ya san abin da yake yi.

A ƙarshe ya gyara tsayuwa ya gai da Mma, ya gai da limamin unguwarsu da wasu dattawa huɗu, kowa da sunansa. Ya tambaye ni ko za a sa gaisuwar. Na ce in Allah ya yarda.

Dole in faɗi abin da ke raina lokacin da yake magana, domin daga nan abin ya fara. Ni ɗan manomi ne. Tun ina shekara bakwai nake bin mahaifina da fartanya, kuma a gonarmu tsiro kashi uku ne: wanda ake ci, wanda ake magani da shi, da wanda ake ba dabba. Duk abin da bai shiga nan ba haki ne, a nome shi. Kalankuwa takan rufe gefen gona da rawaya a ƙarshen damina, ba wanda ya shuka ta, ba kuma wanda ya taɓa tsayawa ya ce ta yi kyau. Saboda haka ina riƙe da makirufo a bakin Malam Seidu, ina gyaɗa kai, amma tun da ya ambaci laima na daina sauraro. Na riga na fara rubuta jimlar buɗewa a kaina, kuma na san za ta ba mutane dariya.

Shirin da nake wa aiki na mako-mako ne, a ƙarshensa akwai ɗan gurbi na minti ɗaya da rabi da muke sa wani abu mai sauƙi game da halin Turawa, irin karen da aka ɗinka wa riga ko gasar cin abinci. Mai kula da shirin ya ce mini gurbin da ya rage a makon da na yi wa Malam Seidu alkawari shi ne wannan. Babban gurbi na minti bakwai sai bayan mako biyu. Da na jira, sai ya sake rubutawa gida, ko a buga waya a bar saƙo a kantin wani, abu ne mai yiwuwa. Ban jira ba, kuma ban gaya masa akwai zaɓi ba. Na shiga ɗakin gyaran sauti na ɗora faifan, na asali, ban juya ba. Cikin awa ɗaya na gama. Sunan furen ya tafi ƙasa, shekara biyar ɗin sun tafi, mutum ukun da suka kasa, mai lambun da ke tambayarsa, gaisuwar Mma da ta liman, duk na sake su a ƙasa ko a wuya ban rataya ba. Abin da na bari daƙiƙa ashirin ne, maganar laima da dariyarsa. Aikin ya yi tsabta ƙwarai, ba ka jin mahaɗa ko ɗaya.

Ranar shirin na karanta da muryar nan da yake yi mini tsiya a kanta. Na ce masu saurare, a ƙasashenmu in mutum ya ga ciyawa fartanya yake nema, amma a nan London mun samu wani ɗan'uwanmu daga zangon Kumasi wanda aikinsa shi ne riƙe wa ciyawa laima kada ruwa ya taɓa ta. Na faɗi sunansa da na unguwarsu. Aka saki muryarsa. Abokin aikina da muke gabatarwa tare ya yi dariya har ta shiga makirufo, na rufe da cewa ko ciyawar tana da takalmin ruwa, wannan sai mako mai zuwa. Da muka fito kowa ya yaba, ban da Bakatsinen nan. Shi tambayata kawai ya yi ina faifan asali. Na ce yana kabad. A lokacin mai shara ta riga ta wuce tun kwana biyu.

Shirinmu Afirka ake harba shi ta gajeren zango, a London ba kowa ke iya kama shi ba. Don haka Juma'ar da ta biyo baya, Malam Seidu bai san abin da aka watsa ba. Ya riƙe hannuna ya yi ta godiya, ya ce ya sa an haɗa masa waya da Kumasi ya samu ƙaninsa na minti biyu, an ce an ji shi, gidan ya cika har waje. Na ce ai ba komai. Bayan mako uku wasiƙun masu saurare suka fara zuwa, daga Maraɗi, daga Tamale, daga Jos, kowa yana tambayar mai laima. Wani ya ce ko ana ba shi hutu ranar da ba a ruwa. Na zaɓi wannan na karanta a filin amsa wasiƙu, muka sake yin dariya. Ban taɓa samun wasiƙu masu yawa haka a kan wani aiki nawa ba, na tara su a aljihun tebur ina dubawa.

Wata Juma'a bayan an idar da salla na same shi yana jirana a bakin shagon littattafan masallacin. Muka gaisa kamar kullum, ya tambayi aiki, ya tambayi labarin gida. Sannan ya ce kaset ya zo daga Kumasi. Ƙaninsa ya ajiye rikoda kusa da rediyo ranar shirin, ya ɗauki komai, har da mutanen da suka taru a tsakar gida. Ke nan ya ji muryata, ya ji tasa, ya kuma ji dariyar unguwarsu a kai. Na fara bayanin cewa lokaci ne ya yi mana kaɗan, ya ɗaga hannu.

"Na sani, Mai Rediyo, aiki ne. Mma ya gane murya na tun kalma na farko, an ce har ya yi kuka." Ya juya yana kallon motoci. "Sai dai yara sun sa mishi suna. In ya fito ƙofa shan iska, sai su ce ga uwar mai laima."

Shi ya ci gaba, a hankali, kamar mai neman alfarma a wurin babba. Ya ce ba ya neman a sake sa shi a rediyo, ya san ba a yin haka. Abin da yake so in juya masa sauran maganar a kaset, dukanta, da tambayoyina a ciki. In aka ji muryar mutumin rediyo yana tambayarsa da gaske, shi kuma yana amsawa, Mma za ta sa a kira liman da matar nan ta gidan suna a kunna musu. Ya ce ranar nan maganar ta fito masa daidai, bai san ko zai iya maimaita ta ba.

Na ce, "Yana nan a kabad, Malam Seidu. Zan juya maka."

Gyaran abin bai da wuya, kuma na sani tun a lokacin. In ɗauki na'ura ranar Lahadi, in shiga jirgi, in ce masa na yi ganganci na zubar da maganarka, zo mu sake. Zai ji zafi, sannan zai sa sabuwar rigarsa. Abin da ya gagare ni shi ne furta wannan jimlar ta farko. Juma'a ta gaba na ce masa mai riƙe da mabuɗin kabad yana hutu. Ta gaba na ce na'urar juyawa ta lalace. Daga nan na daina zuwa Regent's Park, na koma yin Juma'a a wani ɗan ɗaki kusa da ofis tare da mutanen da ba mu jin harshen juna. Ya bugo waya ofis sau biyu, na sa aka ce ina cikin sutudiyo. Na daina bin Rye Lane, na koma cin burodi da wake na gwangwani. Furen ya yi 'yan makonninsa ya bushe, rani ya wuce, ganyen itatuwa suka zube. Kowane mako ina cewa wannan Lahadin zan je, kuma kowane mako da ya wuce jimlar tana ƙara nauyi. Ina karanta labarai a kan lokaci, ba na kuskuren suna ko adadi, har aka ƙara mini matsayi a wannan shekarar.

Cikin hunturu na haɗu da wani direban tasi ɗan Ghana a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ya gaya mini Mma ta rasu, ranar Lahadi da rana za a yi addu'ar bakwai a flat ɗin Malam Seidu. Na je, kuma a cikin bas na shirya abin da zan faɗa kalma bayan kalma, kamar yadda nake shirya labari. Takalma sun cika bakin ƙofa har matakala. An fitar da kujeru an shimfiɗa tabarmi da barguna, maza sun zauna gwiwa da gwiwa, tagogi sun yi gumi, ana jin motsin tukwane da muryoyin mata daga kicin. Na yi niyyar in raɓe a bakin ƙofa, amma ya hango ni. Ya tashi ya tsallako mutane, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ja ni har kusa da malamin da ke jan addu'a, ya sa aka matsa mini. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe.

Da aka shafa fatiha aka fara raba goro, sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce wa jama'a, "Wannan shi ne Mai Rediyo. Shi ya sa Mma ya ji murya na a rediyo kafin ya rasu."

Aka yi ta cewa Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ɗaukaka, hannaye suna miƙowa ta kowane gefe. Wani mai faɗin baki daga can baya ya ce, "Au, kai ne na zancen laima?" Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Malam Seidu ya ce shi ne, kuma duk zango ba uwar da ta taɓa jin ɗanta daga London a rediyo sai tasa. Malamin ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a ta musamman, ni kaɗai, ya roƙa mini albarka a aikina da gaskiya a harshena. Ɗakin duka ya ce amin. Ni ma na ce amin.

Da na tashi tafiya ya rako ni har kan matakala, ya ja ƙofa a bayansa. Sanyi yana hawowa daga ƙasa. Na ce, "Malam Seidu, tef ɗin nan..."

Ya ce, "Bar shi. Wanda za shi ji ya tafi."

Ba da zafi ya faɗa ba. Ya tambaye ni ko har yanzu ina ɗakin nan, ko na sami mata, ya ce na rame, in riƙa zuwa cin tuwo. Sauran abin da na shirya a bas yana bakina, kuma ba wanda zai hana ni faɗa, mu biyu ne kawai a wurin. Na ga ya ba ni hanyar fita, sai na bi ta. Bayan wasu shekaru ya koma Kumasi, a can ya rasu, kuma har yau ban san ko ya ɗauka lalaci ne ya hana ni juya kaset, ko ya gane tun Juma'ar farko cewa babu komai a kabad. Ranar dai, kafin in sauka, ya ce in dakata. Ya koma ciki ya fito da shinkafa da wake a ƙulle cikin leda, da zafinta, ya ce na sadakar Mma ne, rabona ne. Na sa hannu biyu na karɓa.